Rantsuwar Malam Ummaru Mai Albasa

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da ƙaramin asibitin wani ƙauye a yankin Goronyo, ban taɓa mantawa da ranar da Malam Ummaru mai albasa ya ƙi karɓar magani a gaban likita ba. Tunda an tara ku sababbin ma'aikata an ce in gaya muku wani abu kafin a rarraba ku ƙauyuka, labarinsa zan ba ku.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, ni jami'in lafiya ne, ba likita ba, ko da yake a ƙauye duk mai farar riga Likita ake ce masa. Aikinmu zazzaɓi, gudawa, rigakafi, awon ciki da awon jini. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura shi babban asibiti, ko mu jira likita. A lokacin akwai wata Dakta Maryam da take zuwa mana daga Sakkwato sau ɗaya a wata. Ita ta koya mana gane ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ke zaune wa mutum ya hana shi ci da barci da aiki, ya ƙi tafiya ko da abin da ya jawo shi ya daɗe da wucewa.

Malam Ummaru ya haura hamsin, manomin fadama ne, kuma kafin abin ya same shi idan yana kasuwa tun daga nesa ake jin dariyarsa. Tare suke noma da ƙanensa Hassan. Da damina 'yan bindiga suka tare hanya suka kashe Hassan yana dawowa daga Giyawa. Aka yi zaman makoki aka watse, kowa ya koma harkarsa, shi bai koma ba.

Matarsa, Inna Hajjo, ita ta kawo shi bayan kaka, lokacin da kowa ke dashen albasa, nasa irin kuwa yana neman tsufa a inda aka yafa shi.

Ta ce, “Likita, duba man shi. Ba ya ci, ba ya kwana. Mun yi rubutu, mun sha jiƙo, an ce shawara ta, mun yi nata, shiru.”

Ka'ida ita ce a fara da jiki. Na gwada zazzaɓin sauro, na auna jini da suga, na duba idonsa ko jini ya yi ƙasa. Ban sami komai ba. Sai na roƙi Inna Hajjo ta ɗan ba mu wuri.

Na ce, “Malam, yanzu mi ka yi maka daɗi?”

Ya ce, “Babu. Jikana in ya hau man ƙahwa, ji nikai awa an aza man dutse.”

Na tambaye shi ko yakan ji gara ma ya mutu. Ya ɗago da sauri ya ce, “Subhanallahi! Ni musulmi na.” Na ce na sani, tambaya ce da muke yi wa kowa.

Da Dakta Maryam ta zo ta zauna da shi sosai, ta tabbatar ciwon damuwa ne, ta ce akwai magani, ƙwaya ɗaya kullum. Yana jin kalmar ƙwaya fuskarsa ta canza.

Ya ce, “Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, amma ban sha.”

Ta ce, “Don mi, Baba?”

Nan ya gaya mana abin da duk ƙauyen suka sani, ni da nake baƙo ban sani ba. Babban ɗansa Nasiru ya taɓa yin kabu-kabu a birni, ya faɗa shan tiramol, har ya sace injin ban ruwan gidan ya sayar. Uban ya kore shi, ya kuma rantse cewa duk ƙwayar da ke taɓa kai ba za ta ƙara shiga gidansa ba.

“Yanzu ni da furfurata in ɗauko ta da hannuna? Mutane su ce ashe gado na?”

Na buɗe baki zan yi masa bayani, Dakta ta ɗaga mini hannu. Ta ce masa wannan maganin ba ya bugarwa, amma ba za ta tilasta masa ba. Ta ce akwai wata hanya, kuma hanya ce ta gaske, ba lallashi ba: ya riƙa fita gona da safe ko da zama kawai zai yi, ya daina cin abinci shi kaɗai, ya koma majalisarsu bayan la'asar, ya yarda a riƙa ambaton Hassan a gabansa, kuma ya riƙa zuwa muna hira kowane mako. Idan sauƙi ya samu, falillahil hamdu. Idan bai samu ba, a sake zama. Ya ce wannan ya yarda.

Bayan sun fita ta ce mini, “Ba a ɗura wa babba magani. In ka matsa, ba ka ƙara ganinsa. Amma tambayar nan ta mutuwa, ka yi masa ita duk zuwa, kada kunya ta hana ka.”

Muka kama hanyar. Da izininsa na je wurin limamin unguwarsu, shi kuma ya tara maƙwabta aka yi masa gayyar dashe. Ya fara fita. Ya fara cin tuwo a zaure tare da abokansa. Inna Hajjo ta ce wani lokaci yakan yi barci har asuba. Na yi murna ƙwarai, har na fara cewa a raina an gama.

Sai abin ya tsaya, daga baya ya soma komawa. Wani mako bai zo ba, na hau mashin da hantsi na same shi a fadama. Yana zaune a kan kunya, ruwa ya cika fangalin albasa yana malala, bai tashi ya toshe ba. Na zauna kusa da shi na yi masa tambayar da aka ce kada in fasa. Wannan karon bai yi subhanallahi ba.

Ya ce, “Likita, duk abin da kunka ce na yi. Amma in na tsaya bakin gulbi, sai in ji wani abu na ce man in shiga in huta. Ina korar shi da salati, shina dawowa.”

Ku riƙe wannan: duk wanda ya gaya muku haka, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma yi masa faɗa ko wa'azi. Na gode masa da ya faɗa mini, na ce dole iyalinsa su sani, ya gyaɗa kai. Na goyo shi zuwa gida, na yi magana da Inna Hajjo, aka kawar da maganin feshi daga ɗakinsa, aka sa mai raka shi gona. Na kira Dakta Maryam a waya. Ta ce yanzu shawararta ta canza, ciwon ya yi nauyin da gona da hira kaɗai ba za su ɗauke shi ba, a haɗa da magani. Na isar masa. Ya ce, “Rantsuwata hwa?”

Liman ya gaya masa abin maye ya rantse a kai, wannan kuwa neman lafiya ne, kuma ko da rantsuwar ta hau, akwai kaffara. Ya saurara da ladabi, bai ce e ba.

Abin da ban sani ba, Inna Hajjo ta aika Wurno a kira Nasiru. Ashe ya daɗe da barin ƙwaya, yana facin taya a bakin tasha, har ya yi aure, kunya ce ta hana shi zuwa gida. Ranar da Dakta za ta dawo, sai ga su su uku. Nasiru ya durƙusa daga bakin ƙofa, uban ko kallonsa bai yi ba.

Nasiru ya ce, “Likita, in tambaye ki gaban Baba. Maganin ga, in an sha, take aka jin shi?”

Ta ce a'a, sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa.

“Shina sa mutum ya ji ya hi kowa ƙarhi?”

Ta ce da farko ma sai dai bushewar baki da jin barci.

“In an saba, sai an ƙara biyu, an ƙara ukku, kahin a ji daidai?”

Ta ce ba haka yake ba, likita ke tsayar da adadi, kuma idan lokacin bari ya yi a hankali ake ragewa.

Ya juya wajen ubansa. “Baba, wanda nis sha na san shi, ba wanga na ba. Na ci maka inji, na ci maka mutunci. Don Allah kada ka bari in ci maka rai.”

Inna Hajjo ta rufe fuska da mayafi. Can Malam Ummaru ya ce, “Tashi daga ƙasa, akwai sanyi.” Sannan ya dubi Dakta. “A ba Hajjo ta riƙe. Ita ka ba ni.” Dama abin da za mu roƙa ke nan, domin mai irin wannan tunani ba a bar masa magani da yawa a hannu.

Kada ku zaci daga nan komai ya miƙe. Zuwansa na gaba da ƙorafi ya shigo: “Maganinku ya bushe man baki, ba abin da yay yi.” Na ce ya ƙara haƙuri, kada kuma ya bar gona da majalisa. Sannu a hankali barci ya daidaita, tunanin gulbi ya yi nisa. Wata safiya Inna Hajjo ta shigo tana dariya, ta ce jiya ya yi mata faɗa wai gishiri ya yi yawa a miya. “Rabon da shi san ɗanɗanon miya tun Hassan na da rai!”

Da aka cire albasa ya so ya daina, ya ce ya warke. Dakta ta ce ya ci gaba wasu watanni don kada ciwon ya dawo, daga baya ta riƙa rage masa har ya bari. Duk wannan zirga-zirgar Nasiru ke ɗauko shi a mashin. Har na bar ƙauyen yana nomansa, kuma yana iya ba da labarin Hassan ya yi hawaye, ya share, ya ci gaba da hira.

Kafin in tashi na tambaye shi, cikin raha, wanne ya warkar da shi, magani ko gona. Ya ce, “Likita, kai da ba manomi ba. Albasa, ruwa ka tashe ta ko taki?”

Na ga waɗanda hira da aiki da jama'a kaɗai suka ishe su, ba su taɓa shan ƙwaya ba, na kuma ga waɗanda sai da magani. Ba ku za ku zaɓa wa mutum ba, ba kuma za ku sake shi da zaɓinsa ku juya baya ba. Mutanenmu ba jahilci ke sa su ƙin magani ba, yawanci akwai wani ciwo a bayan ƙin, wanda ba sa faɗa sai an tambaya. Ku tambaya, ku saurara, ku sa ranar dawowa. In bai zo ba, ku hau mashin ku bi shi gona.