Mai Tsaron Bayan Faransa a Shimfiɗata

Magariba ta kusa, shimfiɗar buɗa-bakina a Masallacin Annabi ba kowa. A Madina kai ke janyo baƙi, amma maƙwabcina Basudane ya kwashe su. Ni da na kafa gareji da gumina, a ce na kasa cika shimfiɗa!

Na cafke wani dogo na zaunar da shi. Ashe tsohon ɗan ƙwallon Faransa ne, mai tsaron baya.

Na ce, "Ya akhi, kowa wuce ni yake."

Ya ce, "Alhaji, ai hana mutane wucewa ce sana'ata."

Ya miƙe ya ware hannuwa, ko mutum ɗaya bai zille masa ba. Shimfiɗa ta cika maƙil, dabino ya ƙare.

Ni a wurin Basudanen na sha ruwa.

Jama'a, wa ya ci wasan nan?