A Wurin Ɗanta Natsuwa Ce

Mahaifiyata mai kitso ce, amma kitson rabin aikinta ne kawai. Ɗaya rabin shi ne sanin cikin kowace mace a layinmu. Shagonta ɗan ɗaki ne a bakin titi, da madubi mai tsaga a gefe, da fankar da ke juyawa in ta ga dama, da 'yar kujerar da mata ke zama su miƙa mata kai. Da zarar kanki ya shiga tsakanin gwiwoyin Mama, to kin shiga hannu, don ba mai tashi da rabin kitso. Haihuwa nawa? Ɓari fa? Yaya tazarar na fari da na biyu? Wadda ta yi nauyin baki, Mama ta ɗan ja gashin ƙeya, nan take baki ya buɗe. Kitsonta na yin wata bai motsa ba, haka ma ciwon kan. Matan layi suna kiranta Likita, ita kuwa ba ta taɓa cewa su daina ba.

Kowace lalura ta yara Mama na da bayaninta, kuma bayanin kullum yana cikin mahaifar uwa. Yaro mai yawan tari, uwarsa ce ta ɗauki ciki da goyo a baya. Yaro mai faɗuwa jarrabawa, uwarsa ce ta tsufa kafin ta haife shi. Tunda nake, ban taɓa jin ta ɗora wa uba ko da mura ba.

Ɗanta namiji ɗaya ne, Yayana, mai gyaran agogo. Teburinsa na ƙarƙashin matakalar wani bene. Ba ya kallon fuskar mai kawo gyara, wuyan hannunsa yake kallo. Ƙananan kusoshinsa a jere suke daga babba zuwa ƙarami, in ka taɓa ɗaya ka ɓata masa yini. In maƙwabci ya tayar da janareta, sai ya rufe akwati ya tafi gida ba sallama. Duk wannan sunansa ɗaya a bakin Mama: natsuwa. "Ɗana akwai natsuwa," take cewa, tana tsaga kan wata, "ba irin 'ya'yanku masu baki kamar rediyo ba."

Matarsa, wadda nake kira Anti, malamar firamare ce. Ta haura talatin kafin ta yi aure, kuma ta yi ɓari sau biyu kafin ta samu ɗa. Ba wani ya kai wa Mama labarin ɓarin ba. Anti ce da kanta ta faɗa, tana kuka, kanta a cinyar Mama, a zatonta uwa take gaya wa. Mama ta share mata hawaye, ta kuma adana maganar.

Yaron muna ce masa Murfi, saboda murafun kwalba da yake tarawa. Yakan jera su tun daga ƙofar falo har ƙarƙashin gado, ja da ja, kore da kore. Ya wuce shekara uku bai ce Mama ba, bai ce Baba ba. In ka kira shi ba ya waiwaye, amma in aka kunna injin markaɗe a gidan maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. Mama ta dube shi, ta dubi Anti, ta yanke hukunci. Kafin sati ya zagayo, duk macen da aka yi wa kitso a layinmu ta san cewa mahaifar da ta tsufa, ta kuma zubar da biyu, ba za ta riƙe na uku daidai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Anti ta yarda. Mace mai koya wa yara lissafi, amma ta kasa ƙaryata lissafin mai kitso. Ta daina zuwa shago, ta ɗaure kanta da ɗankwali, gashi ya cukurkuɗe a ciki wata da watanni. Wata rana na same ta a kicin tana wanke tukunya ɗaya tana sake wankewa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Tsakaninki da Allah, ni na yi masa wannan?" Na ce a'a, amma a'ata ba ta da nauyin Mama. Ta ce ta gaya wa Yaya ba za ta ƙara haihuwa ba, kada ta sake cutar da wani.

Da aka ba su ranar ganin likitar yara, Mama ta rufe shago ta ce da ita za a je. Ba rakiya ta je ba, shaida ta je bayarwa. Da Yaya aka tafi, amma ni ma na bi, don shi ba mai tanka wa kowa ba ne, kuma ban so a bar Anti ita kaɗai da mai gabatar da ƙara.

Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta daɗe tana wasa da Murfi, sannan ta ce alamunsa na otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Ta fara tambayar Anti tarihin haihuwarta, amma kafin Anti ta buɗe baki Mama ta karɓe. Ta zayyano shekaru, ta zayyano ɓari, har da watan da kowanne ya faru. Ta gama ta gyara mayafi, tana jiran abokiyar aikinta ta sa hannu.

"Mama," in ji likitar, "masu bincike sun ga wasu abubuwa irin shekarun iyaye ko tazarar haihuwa na iya ɗan ƙara yiwuwar abin, in an duba mata dubbai. Amma ba wanda zai nuna yaro ɗaya ya ce ga abin da ya jawo masa. Ba laifin kowa ba ne. To a dangin uba fa, akwai wanda ya yi jinkirin magana?"

Nan Mama ta samu abin alfahari. "Uban nasa ma ai sai da ya kusa shiga makaranta ya yi magana! Amma shi natsuwa ce. Ba ya shiga yara, ba ya son hayaniya. Ki ba shi tsinkayen ashana, ya yini yana jera su, ko motsi..."

Sai muryarta ta fara raguwa. Murfi na ƙasa ya jera biro ɗin likita daga dogo zuwa gajere. Yaya kuwa, da tun shigarmu bai dubi kowa ba, ya zuba wa bango ido.

"Agogonku yana latti," ya ce.

Likitar ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce kawai sau da yawa akwai gado a cikin lamarin, ta koma bayanin yadda za a taimaka wa Murfi ya koyi magana. Har muka iso gida Mama ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka cire mata haƙori.

Kada ku zaci ta nemi gafara. Washegari na ji ta a shago tana gaya wa wata, "Jikan nan nawa natsuwa ce da shi. Ubansa ya gado, jininmu ne." Abin da jiya yake ciwon da Anti ta jawo, yau ya zama kyautar da danginmu suka bayar. Da la'asar ta ce da ni, "Je ki ce wa matar Yayanki ta zo in tsefe kan nan, kafin tsuntsu ya yi sheƙa a ciki."

Anti ta zo, ta zauna a 'yar kujerar. Mama ta shafa mai, ta fara tsifa a hankali.

"Kafin uban yaron nan," Mama ta ce, "ɓari uku na yi. Da ya zo ya ƙi magana, uwar mijina ta ce cikina ne ruɓaɓɓe, na haifa musu bebe. A gaban baƙi take faɗa. Ni na laƙa wa abin sunan natsuwa, don in samu abin mayar mata."

Ni da na tashi a ɗakinta ban taɓa jin wannan ba. Matar da ta san cikin kowa, nata a kulle yake.

"Ashe kun san zafinsa, Mama," in ji Anti.

"Na sani."

"To don me?"

Hannun Mama ya tsaya a cikin gashin. "Da na ga yaron nan yana jera murafu, sai na ji muryar tsohuwar ta dawo. Na ce in ba ke ba ce, to ashe ni ce." Ta ja hanci. "Sunkuyar da kai, kina ɓata mini tsaga."

Anti ta sunkuyar. Ranar Mama ba ta ja gashi ko sau ɗaya ba. Kitson ya yi sako-sako, irin wanda da wata ce ta yi shi da Mama ta yi sati tana zaginta. Bai kwana uku ba ya warware, Anti ta dawo da Murfi a hannu, ta zauna aka sake.