Akuyar da Ba Babagana Ya Yanka Ba

Germaine ba ta da fara'ar da ke jawo ciniki, hannu take da shi. Idan ta kaɗa miyar folere, wato yakuwa, da naman akuya a tashar motocin Garwa, direban da ya rantse ya ƙoshi sai ka ga ya sake miƙo kwano. Ni maƙwabciyarta ce a unguwar Pumpumre, zana ɗaya ta raba mu, don haka ba a bakin rijiya na tsinci labarin nan ba.

Daga duwatsun bayan Mora ta sauko da mijinta Léon, a zamanin Shugaba Ahijo, lokacin jiragen ruwa na hawowa Binuwai da damina. Dako yake yi a bakin kogi. Wata rana katakon hawa jirgi ya karye da shi, da buhun siminti a ka, shi ke nan. Ya bar mata 'ya ɗaya, Micheline. A wurin mutanen dutse kuwa 'ya ta dangin uba ce. Ranar makoki wan Léon ya faɗa mata a gaban kowa: muddin tana ciyar da yarinyar tana kai ta lekol, wato makarantar boko, ya bar mata ita. Ranar da murhu ya mutu, zai zo ya ɗauki jininsu.

Masu cin abincinta galibi Musulmi ne, kuma suna ci hankali kwance don kowa ya san Babagana mahauci ne ke yanka mata akuya a ƙofar gida. A lokacin, addu'ar Germaine ciniki ce tsagwaronta. Ina jin ta ta bayan zana: "Ubangiji, na share maka majami'a, kai kuma ka turo mini direbobi." Nakan tsokane ta in ce saura ta nemi gyara.

Sai wan mijin ya zo ganin yarinya. Da safe Germaine ta tafi ɗiban ruwa, ya ga akuyar da ke jiran wuƙar Babagana ɗaure a gindin bishiya. A garinsu akuyar da aka ɗaure ranar da baƙo ya sauka ta baƙon ce, kuma abin kunya ne bare ya sa wuƙa a gidan ƙaninka kana zaune. Ya juya fuska wajen dutse, ya kira sunan ubansu, ya yanka. Ta dawo ta tarar yana fiɗa yana murmushi.

"Matar ƙanina, kin girmama ni," in ji shi.

"Ba komai, Yaya," ta ce, ta sauke tulun.

Georgette, wadda ke sayar da abinci kusa da ita a tasha, kuma layinsu ɗaya a mawaƙan majami'a, ta leƙo ta ce, "Dafa abinki ki yi shiru. Nama yana magana ne?" Germaine ta ƙi. Ta raba naman ga maƙwabta Kirista, ta tafi tasha da miya ba nama, duk wanda ya tambaya ta faɗa masa dalili.

Babagana ya ce, "Dada Micheline," wato uwar Micheline, "kin yi daidai, Allah ya saka." Amma kafin la'asar Georgette ta zuba wa direbobi nata gishirin: yau dai ta faɗa, sauran ranakun fa? Kuma wa ya san abin da tukunyar nan ta sha dafawa? Har yau in na tuna Georgette da buɗe baki tana rera yabo sai raina ya ɓaci.

Bencin Germaine ya koma wurin hutun ƙudaje. Ta sayi sabuwar tukunya, a banza. Babagana ya zo ya zauna a idon jama'a ya ci tuwonta har ya suɗe hannu, aka ce tsufa ne ya kama shi. Wani babba a tasha ya ja ta gefe ya ce abin mai sauƙi ne: ta yafa mayafi ta musulunta, a sa mata suna Hindu, gobe benci ya cika. A shekarun nan ba ɗaya ba ba biyu ba sun canja suna don aiki. Ta ce, "Alhaji, na gode. Da wannan sunan Yesu ya san ni."

Ta koma sayar da itace, ta koma wankau. Micheline ta bar lekol, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Ta bayan zana kuwa cinikinta da Ubangiji ya tsaya. Abin da nake ji kawai shi ne, "Ga ni, Ubangiji. Ban gane ba, amma ga ni."

Labari ya hau dutse. Bayan girbi wan mijin ya dawo, ba faɗa ba zagi, ya ce magana ce aka yi a gaban mutane. A tashar nan dai aka sa Micheline a bayan motar Mora, direban ma tsohon mai cin tuwon uwarta ne, ya yi ta gyaran madubi don kada su haɗa ido. Yarinya tana ihu tana kiran "Mama". Germaine ta miƙa hannu ta kama ƙafarta, ta fara addu'ar Ubangiji da ƙarfi. Da ta kai "a aikata nufinka" sai ta tsaya. Ta sake ɗauka, ta ƙarasa, mota ta fizge ƙafar daga hannunta.

Ni kam na yi fushi da Allah, kuma na faɗa masa. Ranar Asabar na bi ta majami'a na same ta duƙe tana shara, ta rame kamar tsintsiyar da ke hannunta.

Na ce, "Maman Micheline, har yanzu? Kin faɗi gaskiya saboda Allah, ya bari an ƙwace miki 'ya, kuma kina share masa ɗaki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maƙwabciya, duk garin nan shi kaɗai ya san yadda ake ji in an tafi da ɗanka tilo kana kallo, yadda aka tafi da Yesu. Wurin wa kike so in je?"