Hannun Yayana da Gonar Citta

Duk unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kafanchan babu mai jifa kamar yayana. Mangwaron da ya nuna da yatsa, shi zai faɗo. Wani malamin wasanni ya gan shi, ya tafi da shi Legas ya koya masa besbol, wasan da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo wani ya make ta da sanda. Shi ne mai jifan, har albashi ake ba shi. Mu a gida dariya muke yi, wai jifa ma sana'a ce!

Wata Kirsimeti ya zo da labari. Bayan sabuwar shekara wasu baƙi za su zo daga ƙasar waje su gwada hannunsa, in ya yi musu su tafi da shi. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan yi tsami, mai horar da shi ya ce ko bokiti kada ya ɗaga.

To, lokacin haƙar citta ne a gonar Baba ta hanyar Kachia, kuma a gidanmu ba a taɓa ganin ɗa a inuwa uba na sunkuye ba. Kwana biyu yayana yana zaune a gindin ɗorawa. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki.

"Sannu ango," na ce masa. "A kawo maka mafici ne? Baba da furfurarsa yana haƙa, kai kana renon hannu kamar jinjiri."

Matan da muke tsagar citta tare suka kwashe da dariya. Sai ya tashi ya kama fartanyar Baba. Baba ya ce, "Bari, ɗana," amma ya sakar masa, don shi ma surutun mutane ya ishe shi. Kwana uku yana haƙa. A na huɗu ko riga ya kasa sawa da kansa.

Mama ta gasa kafaɗar da ruwan zafi da man kaɗe. Ya koma Legas ya yi gwajin, jifan ba ƙarfi. Kafin damina ya dawo da jakarsa, ya kama tuƙa bas zuwa Manchok.

Bai taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da ya zage ni, da na huta.

Bayan shekaru, 'yata ta nuna masa wani mangwaro ta ce, "Kawu, Mama ta ce ba ka kuskure." Ya ɗauki dutse da hagu ya jefa, dutsen ya bi ta gefe can nesa. Ya yi dariya ya ce ta je ta ɗauko gora. Ni na shige ɗaki, don kada ya ga fuskata.