Allon tagulla a bakin famfon unguwarmu

Kakata Inna Kulu ba ta iya tatsuniya kamar ta sauran tsofaffi ba. A gidan maƙwabta ana ta Gizo da Ƙoƙi, mu a Gwammaja sai labarin ƙarfe, don 'yar maƙeran fari ce, masu aikin tagulla, kuma matarsu. Bayan magariba za mu kewaye murhu, tana tura itace tana faɗa.

"Ga ta nan, wanda ba ya so ya toshe kunne."

"Inna, ƙarfen ne dai yau ma?"

"Shi ya ciyar da ubanka, mai kan kwakwa. Zauna!"

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani attajiri da ya tarar da rijiyar da talaka ya haƙa, ya so a ce tasa ce. Ya sa maƙerin baƙi ya rubuta sunansa a baƙin ƙarfe, damina uku tsatsa ta cinye. Ya sa an rubuta a katako, gara ta gama da shi. Sai ya je wa maƙerin fari. Tagulla ba ta tsatsa, duhu kawai take yi, a goga tsamiya da toka ta dawo sabuwa. Attajiri ya mutu, jikokinsa suka yi ta shan gori, don duk mai jan ruwa sai ya karanta ƙaryar ya tofar da yawu.

"Tagulla ba ta da mantuwa," in ji Inna. "Ka auna magana kafin ka ba ta."

Haushi nake ji. Wace irin tatsuniya ce ba kura ba dodo?

Na girma na gaji maƙera. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kowane ofis yana neman allon suna. Sabon kansilanmu ya zo yana son allo mai sunansa a jikin famfon unguwa, wai shi ya gina. Kowa ya san Malam Ɗanlami magini ne ya tara mutane, ya gina shi da hannunsa. Kansila fenti a langa-langa ma ya nema. Ni, da shegen bakina, na ce, "Ranka ya daɗe, tagulla ake wa manya, ba ta tsatsa." Na zuba ta da kauri, na nutsa haruffa.

Malam Ɗanlami bai yi boko ba. Ranar da na kafa allon ya tambaye ni, "Ɗana, me ka rubuta?"

Kunya ta sa na ce sunansa ne.

Tun daga ranar, duk Juma'a sai ya zo da tsamiyarsa ya goge allon. Kansila ya sauka, an manta da shi, allo yana nan yana walƙiya. Na yi ta fatan ya dushe, ko ɓarayi su ɓalle shi. Ina! Ni na yi aikin, na san ba inda za shi.

Makon jiya na sami Malam Ɗanlami a durƙushe yana guga. Na tsuguna na faɗa masa gaskiya, na roƙi gafara. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya jefar da tsamiyar.

"Amma kai sakarai ne, Habu. Shekara nawa ina wanke wa wani fuska?"

Na sa hannu ina share ido.

"Kuka za ka yi mini? Tashi ka ɗauko guduma ka ɓalle shi. Wutar maƙerarku ta mutu ne?"