Ruwan Zafin da Hamidu Ya Watsa a Tsibiri

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Na keta sahara a bayan akori-kura, na kwana kusa da gawa, ban firgita ba. Amma wannan, wallahi ya faru da ni, shekarun baya lokacin ina tuƙin motar haya a garin Greenbelt na Amurka, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Abokina Hamidu, mutumin Tawa, shi ma direba ne, ɗaki ɗaya muke zaune. Akwai wani likita ɗan Kano a Mitchellville da Hamidu ke kai wa yara makaranta, muna ce masa Dakta. Yana da ƙaramin jirgin ruwa. Wata Asabar da zafi ya tsananta ya ce mu zo mu sha iska, ya ajiye mu a wani ɗan tsibiri cikin tekun Chesapeake, ba gida ba mutum, sai farin yashi da tsuntsaye da wata busasshiyar bishiya, ya ce zai je kamun kifi, sai la'asar.

Gaskiya mun ji daɗi. Muka shimfiɗa tabarma, muka ci kilishi, muka tsoma ƙafa a ruwa, Hamidu ya hura gawayi ya ɗora shayi, don shi ko lahira za shi sai ya tafi da butarsa. Da ya tashi ɗauraye butar, sai ya watsa tafasasshen ruwan a gindin bishiyar nan.

Na ce, "Hamidu, ka yi bisimilla?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan'uwa, a Amurka? Su ma ai sai da biza."

Bai rufe baki ba muka ji kukan jariri, gajere, daga ƙarƙashin yashin. Tsuntsayen duk suka yi tsit. Hamidu ya ce tsuntsu ne, amma bai sha shayin ba, ya kwanta ya rufe fuska da hula.

Na ta da sallar azahar. Ina sallamewa na ga tabarmarsa wayam. Can na hango shi ya nufi ruwa, a hankali, ya tanƙwashe hannuwa kamar mai rungume da jariri, alhali ba komai a hannun.

Na ce, "Ina za ka?"

Bai waiwayo ba ya ce, "Uwarsa ta ce in kai shi in sanyaya masa."

Daga ni har shi ba wanda ya iya iyo. Kafin in cim masa ruwa ya kai masa ƙirji. Na cafke shi ta ƙugu. Hamidu siriri ne, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in muna wasa, amma ranar kamar na rungumi turmin ƙarfe, kuma wani abu na jan sa gaba, yana jan mu tare. Ruwa ya kai mini wuya. Ayatul Kursiyyu nake ja, ruwan gishiri na shiga bakina, ina tofarwa ina ci gaba. A kusa da kunnena, na rantse da Allah, na ji numfashin mace mai haki.

Da na rasa abin yi sai na ce da ƙarfi, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, bai sani ba, baƙi ne mu."

Sai aka sake shi. Muka faɗi da baya, na ja shi da ƙyar muka fito kan yashi.

Da Dakta ya dawo ya tarar da mu a ƙarshen yashin, nesa da bishiyar. Hannuwan Hamidu daga gwiwar hannu zuwa tafi sun yi bororo, daidai inda jariri zai kwanta. Dakta ya duba ya tambaya ko cikin garwashi ya faɗa. Muka hau jirgin kawai. Buta da tabarma can muka baro su.

Hamidu ya warke, amma bai tuna komai ba, kuma bai sake dafa shayi ba. Wata rana ina tafasa ruwa a kicin na juyo na gan shi tsaye a bakin ƙofa, ya tanƙwashe hannuwa, yana jijjigawa a hankali.

Ban san mene ne ba, ban kuma je tambaya ba. Ku dai in za ku zubar da ruwan zafi, ko a wace ƙasa kuke, ku yi bisimilla. Wurin da kuka ga ba kowa, ku ne ba ku gani ba.