Ƙullin Ƙasar da Yaya Moutari Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2017, ina fitowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Belleville, yayata Saadatou ta kira ni daga Lyon. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Hamida, Moutari ya cika," abin da ta iya faɗa ke nan. Bayan gajeriyar jinya Allah Ya karɓi ran mijinta, Malam Moutari Abdulhamid, mutumin Damagaram, wanda ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta ta Saint-Fons.

Yaya Moutari, kai ka tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan ta Faransa karatu a 2004, ka tuɓe rigar sanyinka ka yafa mini, kana tsokanata wai amaryarka ta iso tana rawar ɗari. Gidanka na Rillieux-la-Pape bai taɓa rasa ɗalibi mai kwana a falo ba. Amma duk wanda ya san ka, da tafiyarka ta watan Agusta ya fi saninka.

Kowace shekara, da an ba da hutu, sai ka loda mu a tsohuwar motarka: Saadatou a gaba, ni da yara, Ibrahim Khalil da Amatullahi, a baya tare da kwanon dambu da buta. Mutane suna bin babbar hanya su isa teku da wuri, kai kuwa sai ƙananan hanyoyi, cikin gonakin alkama da shanu masu ƙiba, ƙauye bayan ƙauye, daga Normandie har Bretagne. Kuma duk ƙauyen da muka shiga, ba ka wuce maƙabartarsa. Za ka tsaya, ka buɗe ƙofar ƙarfe, ka bi kaburbura layi layi. Na sha ce maka, "Yaya, mu hutu muka zo ko ta'aziyya?" Sai ka yi dariya ka saya mana kifi soyayye don ka rufe mana baki.

Sai a tafiya ta uku ka nuna mini abin da ke cikin aljihun motar: ƙullin tsohon zane, ɗaure tam, cike da jar ƙasa. Ka ce kakanka Bukari yana cikin waɗanda Faransa ta kwasa soja a yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya kawo labari cewa an binne shi a wani ƙauye bakin teku, bayan katangar coci. Da za ka taho, kakarka Inna Fatou ta ɗebo ƙasa daga tsakar gidansu na unguwar Birni a Damagaram, ta ce ka zuba a kansa. Ita ba ta taɓa ganin teku ba. A zatonta kamar tafkin gari ne, in ka je baki ka tambaya kowa zai nuna maka. Ka isa ka ga bakin tekun ba ya ƙarewa, amma ba ka gaya mata ba har ta rasu. Ka ce mini, "Alkawari kaya ne, Hamida, kuma na ɗauka."

Tafiyar bara ita ce take hana ni sukuni. Mun tsaya a wani ɗan ƙauye na Bretagne, hazo ya rufe gari, iska tana kaɗa igiyoyin kwale-kwale. Wata tsohuwa mai ba furanni ruwa a maƙabartar ta tambaye ka wa kake nema. Da ka faɗa, ta ajiye butarta. Ta ce tana ƙarama an binne wani baƙin soja bayan katanga, sunansa dai ba ta sani ba. Ta ja mu zuwa wurin, ta nuna da sandarta. Babu komai sai gaɓa da ta zabtare, ruwa yana dukanta daga ƙasa. Teku ya cinye wurin tun da daɗewa.

Ka je ka ɗauko ƙullin. Ka tsaya bakin gaɓar, ka yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga zaure, sa'an nan ka yi shiru kana saurare. Wallahi na ga jiran amsa kake yi. Saadatou ta ce, "Malam, ka zuba mana, ka huta." Ka girgiza kai. "Ban tabbata shi ne ba. Kuma Inna a kansa ta ce, ba a kan ruwa ba." Ka mayar da ƙullin, muka wuce masauki.

Da ciwo ya yi tsanani, 'yan uwa suka fara maganar kai ka gida. Ka hana. Ka ce a binne ka nan inda yaranka za su san wurin, kuma bai kamata a bar tsoho Bukari shi kaɗai a ƙasar nan ba. Ibrahim Khalil ya gaya mini shi ya kwance ƙullin ranar jana'iza, ya zuba maka rabi a kabari. Da na tambaye shi sauran, ya ce, "Tanti, na mayar cikin mota. Akwai ƙauyukan da Baba bai je ba." Na yi kuka, na rasa ko in sa masa albarka ko in roƙe shi ya sauke kayan.

Ina miƙa ta'aziyya ga Saadatou, da Ibrahim Khalil, da Amatullahi, da dangi na Damagaram, da ɗaliban da suka ci tuwon gidanka. Allah Ya jiƙanka, Yaya Moutari, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya jiƙan Inna Fatou. Shi da Ya san inda Bukari yake kwance, Ya kai masa rahama can, Ya haɗa ku inda ba sai an yi tambaya ba. Amin.